Gefen baki ya sauko ƙasa: allura ake yi, ko yanka, ko dai matsalar haƙora ce?

Maman Walida, Gwaram

Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka mana da haske. Yayata ce, shekararta 49, gefen bakinta duka biyun ya sauko ƙasa, ga wasu layuka biyu da suka gangaro daga gefen bakin zuwa haɓa. In dai ba dariya take ba, sai ka rantse fushi take yi. A gidan biki ba a minti goma wata ba ta ce "Yaya, wa ya taɓa ki?" ba, alhali ita lafiyarta lau. An cire mata turame uku a ƙasa da biyu a sama tun shekarun baya. Da hunturu kuma gefen bakin yakan tsage ya yi fari-fari, in ta ci abu mai yaji ya yi ta raɗaɗi.

Wata mai gyaran amare da ke zuwa daga birni ta ce akwai allurar da ke ɗaga shi, za ta zo da ita ranar kasuwa ta yi mata a ɗaki, minti biyar an gama. Wata kuma ta ce ba allura ba ce, ɗan yanka ake yi a ɗinke. Wace allura ce wannan? Ina ake soka ta, wata nawa take yi, kuma me zai iya biyo baya?

Anti Nas, Birnin Kudu

Wa alaikumus salam, Maman Walida. Kafin maganar kwalliya, a fara da tambaya ɗaya: a hankali abin ya zo cikin shekaru, ko kuwa dare ɗaya? Kuma gefe biyun daidai suke? Ga yadda kika kwatanta, na Yaya a hankali ne kuma duka biyu ne, to alhamdu lillahi. Amma saboda sauran masu karatu zan faɗa. Duk wanda ya wayi gari gefen bakinsa ɗaya ya karkace, a ce ya ɗaga gira, ya rufe ido gam, ya ɗaga hannu biyu, ya yi magana. In goshinsa na motsi amma baki ya karkace, ga hannu ɗaya ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, a nemi mota nan take, domin maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. In kuma rabin fuskar ne gaba ɗaya har goshi, ido ba ya rufuwa, hannu da ƙafa lafiya, galibi jijiyar fuska ce ta kumbura, wanda a ƙauye ake cewa iska ce ta mare shi. Shi ma asibiti ne, don ƙwayar firednisolon ta fi aiki in an fara cikin awa 72, kuma sai an kare idon kada ya bushe. Wajen kashi 70 cikin 100 na masu wannan suna warkewa sarai.

To, mu dawo kan Yaya. Gefen baki kamar bakin zaren da ake ja ta ɓangare biyu yake. Akwai tsokoki daga kumatu masu jan sa sama, akwai kuma wata 'yar tsoka mai kusurwa uku da ta taso daga ƙashin muƙamuƙi na ƙasa ta kama gefen bakin tana jan sa ƙasa. Likitoci na taƙaita sunanta da DAO. Da shekaru suka ja, kitsen kumatu na raguwa yana zamowa ƙasa, fata na sakewa, masu ja sama sun yi rauni, ita kuwa mai ja ƙasa tana nan da ƙarfinta. Sai ta yi rinjaye.

Ga gwajin da za ku yi a gaban madubi da rana. Ta ja gefen bakinta ƙasa da ƙarfi har haƙoranta na ƙasa su bayyana, kamar mai cewa "iii" don ƙyama. Ki sa yatsa a ƙasan gefen bakin, ɗan waje kaɗan, kusa da bakin muƙamuƙi. In kin ji wani abu ya ɗaure kamar igiya, kuma gefen bakin ya ƙara nutsewa sosai, tsokar na da hannu a ciki. Sannan ta saki fuska, ki ɗan tura fatar kumatunta sama da yatsa biyu. In layukan sun ɓace, sakin fata da zamewar kitse ne suka fi yawa, kuma allurar tsoka ba za ta yi wani abin kirki a nan ba.

Allurar da mai gyaran amaren ke nufi, in ta tsoka ce, ita ce Botox ko 'yan'uwanta irin su Dysport da Xeomin. Dafi ne da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, aka tace shi aka rage shi zuwa ɗan mitsitsi. Aikinsa ya hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta huta. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989 don gyaran idon da ya karkace da fatar ido mai ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, sai a 2002 don tamojin tsakanin gira. Na gefen baki ba ya cikin abin da aka rubuta a takardarsa, likitoci ne ke yi da saninsu, shi ya sa hannun mai yi ya fi maganin muhimmanci.

Yadda ake yi: kwalba mai yunit 100 (yunit shi ne ma'aunin ƙarfin maganin) ana narkar da ita da ruwan gishiri na allura mililita (mil) 2.5, sai kowane mil 0.1 ya zama yunit 4. Gefe ɗaya yunit 2 zuwa 4 ake sa wa, wato ɗigo ɗaya zuwa biyu, da siririyar allura irin ta masu ciwon suga. Mutum na zaune, ba a kwance ba. Wurin sokawa: a sauko daga gefen baki, a matsa waje wajen santimita ɗaya, a tsaya kamar santimita ɗaya a saman bakin muƙamuƙi. Sama-sama ake sokawa, bakin allurar na kallon waje. Yakan fara aiki a kwana 3 zuwa 5, ya cika a sati biyu, ya kai wata 3 zuwa 4 sannan ya sake. Ɗagawar kuma kada a sa rai da yawa, milimita ɗaya zuwa biyu ce, kamar ƙwayar gero. Fuska ce dai za ta daina kama da ta mai fushi.

Abin da ke lalacewa kuwa, maƙwabtaka ce. Dab da wannan tsoka ta wajen tsakiyar haɓa, kuma ɗan ciki kaɗan, akwai wata mai jan leɓen ƙasa. In an matsa ciki da rabin santimita, ko an nutsa allurar, ko an zuba ruwa da yawa ya bazu, sai maganin ya kama ta. Ranar farko ba a ganin komai. Bayan sati ɗaya sai ta yi dariya, leɓen ƙasa na gefe ɗaya ya sauka, ɗayan ya ƙi, baki ya karkace kamar na mai shanyewar jiki. In kuma an yi sama da yawa kusa da leɓe, tsokar da ta zagaye baki ce za ta yi sanyi: wajen kurkure baki a alwala ruwa ya riƙa tsiyaya, shan kunu a kofi ya zama aiki, ba'un da mimun su ƙi fita daidai a karatu. Babu allurar da ke warware wannan. Jira ake yi, sati shida, takwas, wani lokaci har wata uku.

Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon raunin tsoka, ko wadda ke da ƙurji ko tsaga a wurin. Wadda ake yi wa allurar jentamaisin ma a dakata, domin tana ƙara wa dafin ƙarfi, kuma kun san yadda ake yawan yin ta a kemis.

Likitan Haƙori, Dutse

Anti Nas ta yi bayani mai kyau, sai dai ni a ganina amsar na cikin tambayar tun farko, Maman Walida ta faɗe ta da bakinta: turame biyar babu, ga gefen baki na tsagewa.

Turame su ne ginshiƙan da ke riƙe tazarar da ke tsakanin hanci da haɓa. Babban mutum na da 12 in an haɗa da na ƙarshen nan huɗu masu fitowa a makare. In suka ragu, sauran haƙoran su ke ɗaukar nauyin tauna, su cinye, su karkata cikin giɓin, na sama su zazzago neman abokin gogayya. Ƙashin da aka cire haƙori daga cikinsa shi ma shanyewa yake yi, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko. Sai haɓa ta matso kusa da hanci, laɓɓa su dunƙule, fatar da ta yi yawa ta naɗe a gefen baki. Kamar rumfar da aka zare wa dirka biyu ce, kowa ya san ta inda za ta rusuna. Ka cika wannan wurin da allura, ba ka mayar da dirkar ba.

Wannan naɗewar ce ke tara yawu. Wuri ya zauna a jiƙe dare da rana, sai naman gwari irin mai sa farin baki ya samu gida, wani lokaci har da ƙwayar cutar da ke sa ɓawo mai ruwan ɗorawa. Iskar hunturu ta busar, ita kuma ta lasa, ya ƙara tsagewa. Maganinsa man mikonazol mai kashi 2 cikin 100, sau biyu zuwa uku a rana, sati biyu cur, ko da ya yi kamar ya warke a kwana huɗu. Da dare a ɗora basilin a kai don ya tare yawu. In akwai ɓawo mai ruwan ɗorawa, a nuna wa ma'aikacin lafiya ya ƙara man kashe ƙwayar cuta. Kada a shafa tub ɗin nan na bilicin, yana kwantar da jan na kwana biyu, sannan naman gwarin ya dawo da ƙarfinsa. In yana yawan dawowa a auna yawan jininta da suga, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da na bitamin B na kawo shi, ciwon suga ma haka. Hanta, ƙwai, nono, wake da zogale su shiga abinci.

Ba kowane mai giɓi ne cizonsa ya rushe ba, in ƙananan turamen gaba na nan suna haɗuwa da kyau tazarar na iya zama daidai. Aunawa ake yi. Ana ɗiga alama a kan hanci da haɓa, a auna tana sake da baki, a sake aunawa ta cije. Bambancin da ya dace milimita 2 zuwa 4 ne. In ya kai 7 ko 8, cizo ya faɗa. A gida ma za ku iya ɗan gwadawa: a naɗe auduga mai tsabta kamar kaurin fensir, a sa a giɓin kowane gefe, ta cije a hankali, ki duba gefen bakin. In kin ga ya ɗan miƙe, layukan sun yi sauƙi, kun gano bakin zaren.

Haƙoran roba masu cirewa su ne mafi sauƙin kuɗi, ana zuwa asibiti sau huɗu ko biyar. A fara wanke haƙora da cike masu rami. A ɗauki siffar baki da wani abu mai kama da ƙullu. A gwada cizo da kakin zuma, a nan ake mayar da tazarar da ta ɓace. A gwada haƙoran tun suna kan kaki, ta duba madubi, in da gyara a yi. Sannan a ba ta na gaske. Sati biyun farko za ta ji kamar an cusa mata abu, yawu zai yi yawa, inda ya goge dasashi a koma a kankare, kada a ce za a gyara da reza a gida. Da dare a cire a sa a kofin ruwan sanyi, ruwan zafi na lanƙwasa su. Wanda kuwa ya kwana da su kullum, naman gwarin da muke gudu shi zai dawo.

Ana yin wannan a sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano, kuma daga Gwaram ku fara tambaya a Birnin Kudu ko Dutse kafin ku ɗauki hanyar Kano. A ba haƙoran wata biyu zuwa uku fuska ta zauna. Abin da ya rage bayan nan, shi ne na masu allura.

Maman Walida, Gwaram

Allah ya saka da alheri, Anti da Likita. Mun yi gwajin audugar, gaskiya ya ɗan miƙe amma layukan na nan. Na tambayi matar, ta ce tata ba Botox ba ce, wai "fila" ce, kuma ba ta ƙarewa har abada. Sannan Yaya ta ce a tambaya mata batun yankan, ita ta fi son a yi sau ɗaya a huta. Ban sani ba ko yana da amfani in faɗa, tana da wani ƙullutu a bayan kunne inda aka yi mata huji na biyu.

Likitan Tiyata, Kano

Hajiya, wannan ƙullutun da kika ambata a ƙarshe shi ne mafi amfani a duk abin da kika rubuto. Zan zo kansa.

Da farko "fila wadda ba ta ƙarewa har abada". Ku guje ta. Filar da likitoci suka fi amincewa da ita a gefen baki ta hayaluronik asid ce, wani abu mai yauƙi kamar ruwan kuɓewa mai kauri, wanda jiki ma na da irinsa. Restylane ta samu amincewa a Amurka a 2003, Juvederm a 2006. Tana yin wata 6 zuwa 12 jiki ya shanye ta, kuma in an yi kuskure akwai allurar hayaluronides da ke narkar da ita cikin awoyi. Wannan shi ne darajarta. Mai dawwama kuwa galibi ruwan silikon ne ko wani mai da ba a san asalinsa ba. Shekara ɗaya, biyu, biyar, sai jiki ya taso masa: ƙulluttai masu tauri, kumburi mai tafiya yana dawowa, abin ya gangara zuwa haɓa. Ba ya narkewa, sai dai a yanka a kankaro, kuma ba ya fita duka don ya riga ya shiga cikin nama.

Fila ba ta taɓa tsoka. Tallafi take yi, kamar a sa wa bango madogari. Sirinji ɗaya mil 1 ne, kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. A ƙarƙashin gefen bakin kansa mil 0.2 zuwa 0.3 ya isa kowane gefe, in za a bi layin har haɓa a kai rabin mil zuwa mil ɗaya. Ta cikin layin ake zubawa, wato ɓangaren haɓa inda ya rame. In aka zuba ta waje, an ƙara wa fatar da ta riga ta zubo nauyi, layin ya ƙara zurfi. In an yi sama-sama da yawa, ƙullutu zai fito a ji shi da harshe ko a gan shi. Kumburi da ɗan taruwar jini na kwana uku zuwa bakwai ba komai ba ne, sai bayan sati biyu ake yanke hukunci. A bar sati biyu tsakaninta da aikin haƙori, wani dalilin ke nan na fara gamawa da Likitan Haƙori.

Haɗarinta babba shi ne jijiyar jini. Babbar jijiyar jini ta fuska na hawowa ta bakin muƙamuƙi, dab da gaban tsokar tauna, ki cije ki taɓa wurin za ki ji tana bugawa. Daga nan ta nufi gefen baki ta ba leɓen ƙasa da na sama rassa. In fila ta shiga cikinta, jini ya yanke wa fata. Littattafan Turawa na cewa wurin zai yi fari fat, to a baƙar fata ba haka yake fitowa ba: toka-toka yake yi ko ya yi duhu dabbare-dabbare, ya yi sanyi, ga zafi mai tsanani da ya wuce na tsinin allura. A juya leɓe a duba cikinsa, a danna a saki, in jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ba akwai matsala. Maganin shi ne a cika wurin da hayaluronides nan take, kwalbarsa yunit 1,500 ce, a maimaita duk awa har jini ya dawo. In aka kwana biyu, ƙuraje masu ruwa za su fito, fata ta mutu, a ƙare da tabon da ya fi layin muni sau goma. Saboda haka tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: "Ina hayaluronides ɗinki?" Wadda ta tsaya kallon ki, kada ta taɓa fuskar Yaya.

Yanzu yankan. Ana zana shi mutum na zaune, a sa allurar kashe zafi a wurin kawai, ba a sa barci. A saman kowane gefen baki ana cire 'yar fata mai kusurwa uku, gindinta na bin iyakar jan leɓen sama, tsininta na kallon kunne, tsayinta bai kai santimita ɗaya ba. In aka haɗe bakin yankan sai gefen bakin ya hau. Ɗinki hawa biyu ne, na ciki mai narkewa, na waje da zare siriri kamar gashi, a cire a kwana 5 zuwa 7. Aikin minti 30 zuwa awa ɗaya. Sati biyu ba wage baki, ba rake, ba tsire, ba ƙanzo, sai koko da fate da cokali ƙarami. Tabon kan yi ja ko duhu na watanni, ba ya kwanciya sai wata 6 zuwa 12.

Gefen baki kawai yake ɗagawa, layukan haɓa suna nan inda suke. In an cire fata da yawa, mutum ya zauna da murmushin da ba ya gogewa, a je gaisuwar mutuwa ana ganin kamar dariya yake ƙunshewa, kuma fatar da aka yanke ba ta dawowa. In gefe ɗaya ya fi ɗaya da milimita ɗaya tak, ido na gani.

Sai ƙullutun kunne. Sunansa kiloyid, tabon da ke ƙin tsayawa a iyakar rauni, ya yi ta girma yana ƙaiƙayi, kuma ya fi kama baƙar fata. Ku duba sauran jikinta: lambar rigakafi a kafaɗa, inda wanzami ya taɓa yin ƙaho ko tsaga, tabon ƙuna, ɗinkin haihuwa in akwai. Gaskiya tsakiyar fuska bai kai kunne da ƙirji da kafaɗa yawan yin sa ba. Amma gefen baki wuri ne da ba ya hutawa, magana, tauna, hamma, duk jan tabon suke yi. In ya taso, sai allurar tirayamsinolon a cikin tabon duk sati 4 zuwa 6, da man silikon na shafawa wata da watanni, kuma yana iya dawowa. Ga mai kiloyid a kunne, ni ban ga dalilin sayar da layi a sayi ƙullutu ba. Mai shafa man bilicin ma haka, fatarta ta yi siriri, ɗinki ba ya kamawa da kyau, sai ta daina na watanni tukuna. Mai suga ko hawan jini sai sun daidaita.

Akwai kuma zaren da ake cusawa ƙarƙashin fata a ja kumatu sama. Wajen wata shida yake narkewa, ɗagawar ba ta daɗewa, yakan bar lotsawa. Ban ba shi muhimmanci ba a nan.

In har ana son ganin likitan gyaran fata ido da ido, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala.

Malam Na Zaure, Ringim

Allah ya ƙara wa likitoci basira. Tunda Yaya za ta so sanin matsayin abin a addini, ga ɗan abin da ya sawwaƙa. Malamai sun raba tsakanin gyara aibi da neman ƙarin kyau. Hujjar gyara ita ce hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Hujjar hani kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar mayar da gaɓa yadda take ko yadda za ta yi aiki, ta kuma hana gusar da tamoji da tiyata ko allura sai in ya zama na cuta kuma an amince ba cutarwa. Sa haƙora da maganin tsagewar baki da gyaran bakin da ya karkace bayan ciwo, wannan magani ne, babu saɓani. Na saukowar gefen baki don shekaru kawai, shi ne wurin da ya kamata ta zauna da malamin da ta yarda da shi ta faɗa masa halinta yadda yake.

Anti Nas, Birnin Kudu

Na gode Malam. Likita, ranka ya daɗe, ƙari ɗaya kan batun jakar ranar kasuwa, don ko Botox ɗin ce aka kawo, tafiyar kaɗai na iya ɓata ta. Ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, daidai da allurar rigakafin yara, kuma kamfanin ya ce in an narkar a yi amfani da ita cikin awa 24 tana firji. Kwalbar da ta taso daga Kano a jakar hannu cikin zafin bazara, ta yi awa uku a mota, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki.

Jabu ma na yawo. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun yi gargaɗi bayan an kwantar da mata a asibiti saboda allurar jabu da aka yi musu a gidaje da shagunan kwalliya. Cikin alamun da suka bayar har da kwali mai rubutun yunit 150, alhali kamfanin Botox ba ya yin wannan girman. Ta gaske in kin ɗaga kwalbar kamar babu komai a ciki, ɗan hazo ne kawai a gindi. In kin ga gari tuli ko ruwa an riga an haɗa, ki tambaya. In aka soka allurar ruwan gishiri, kwalbar da kanta take zuƙe ruwan, wadda ba ta zuƙa ba zubar da ita ake yi. A buɗe a gabanku, ku duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ku ɗauki hoton kwalin da waya. Mai yin kuma ya zama likita mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a cikin asibiti.

Bayan an yi, ranar ba murza wurin, ba dilka, ba halawa, ba turara fuska. Alwala a shafa ruwa a hankali. A koma bayan sati biyu, in gefe ɗaya bai kai ba a ƙara yunit ɗaya, shi ya sa gara a fara da kaɗan. In kuwa cikin kwanakin da suka biyo ta fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta yi wuya, murya ta canza ko numfashi ya yi sama-sama, dafin ya bazu, a tafi babban asibiti a daren, a riƙe hoton kwalin a nuna musu.

Maman Walida, ku fara da man mikonazol ɗin yau, ku auna jini da suga a asibitin da ke kusa da ku cikin satin nan. In za ku wajen likitan haƙori ku tafi da tsohon hotonta na kafin a cire turamen, wanda ta rufe baki a ciki, yana taimaka musu wajen gane tazarar da za su mayar.